Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Jawabi Ga Matasan Dirin Daji Kan Hukunce-Hukuncen Kotu

A daren Asabar ɗin da ta gabata ne, bayan sallar isha'i, matasa suka cika wani zaure a garin Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba ta masarautar Zuru a Jihar Kebbi, domin sauraren wani malami da ya saba zama da su a irin wannan lokaci. Wasu daga ƙauyukan kewaye suka zo a kan babura, kuma tun kafin a fara an san a garin za su kwana, don ba mai yarda ya kama hanyar daji bayan duhu ya rufa. Ba a ɗaura wa zaman wani take ba tun farko. Hira ce a kan abubuwan da ke faruwa, amma sai da ta ci fiye da awa biyu. Ga muhimman abubuwan da ya faɗa.

Bayan ya buɗe da addu'a, Malamin ya ce abin da ya jawo wannan magana wata gardama ce da ya tarar a teburin mai shayi. Samari biyu ne, ɗaya yana rantsuwa cewa kotu ta ƙwato wa ƙananan hukumomi kuɗinsu daga hannun gwamnoni, ɗayan kuwa yana cewa ƙarya ce, in an ƙwato a nuna masa inda aka ajiye. Ya ce ya tsaya yana sauraronsu har shayinsa ya huce, sai ya ga duk su biyun suna da gaskiya, kuma duk su biyun ba su san abin da suke gardama a kai ba. Aka yi dariya. Sai ya ce ba abin dariya ba ne, domin kusan kowa a zauren haka yake: ya ji kan labari a rediyo ko a waya, ya yi kabbara ko ya yi tsaki, shi ke nan ya wuce.

Daga nan sai ya ɗauko maganar daga tushe. Ya ce kuɗin da ƙasar nan ke samu, na mai ne, na kwastan ne, na harajin kamfanoni ne, ana zuba su a asusu guda, sannan kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa ya zauna ya kasafta. Tsarin da aka shafe shekaru ana bi wajen babban kason shi ne gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. To amma shi wannan kashi na ƙananan hukumomi ba kai tsaye yake zuwa ba. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, a nan za a fara zube kuɗin kafin su gangara. "A nan gizo ke saƙar," in ji shi. Kuɗin Sakaba sai sun kwana a babban birnin jiha, kamar yadda na kowace ƙaramar hukuma a Nijeriya ke kwana a babban birnin jiharta, kuma abin da ya kwana a gidan wani, mai gidan ne ya san yadda ya wayi gari. Ya ce ga wata ɓarakar ta biyu: sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma gwamnoni da dama suka mayar da naɗa kantomomi al'ada. Kantoma kuwa ba ya tambayar wanda ya naɗa shi lissafi.

Ya ci gaba da cewa a watan Mayun 2024 Antoni Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya maka jihohi 36 gaba ɗaya a Kotun Ƙoli a kan waɗannan abubuwa biyu. A ranar 11 ga Yulin 2024 alƙalai bakwai suka yanke hukunci, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta. Suka ce riƙe kuɗin ƙananan hukumomi da gwamnoni ke yi ya saɓa wa tsarin mulki, daga yanzu a biya su kai tsaye, kuma duk inda kantoma ke zaune maimakon zaɓaɓɓe kada a saki ko kwabo. Malamin ya ce wannan shi ne gaskiyar saurayi na farko, kuma bai yi ƙarya ba.

Gaskiyar na biyun kuwa, ya ce, ita ce abin da ya biyo baya. Da gwamnoni suka ji an ce babu kuɗi sai da zaɓe, sai zaɓe ya ɓarke ko'ina kamar ruwan Agusta. A Kebbi an yi shi ranar 31 ga Agustan 2024, jam'iyyar APC ta kwashe kujerun ciyaman 21 da na kansila 225, ba a bar ko ɗaya ba. Ya yi sauri ya ƙara da cewa kada wani ya ɗauka jam'iyya guda yake nufi, domin a Kano, a watan Oktoban shekarar, NNPP ce ta kwashe ƙananan hukumomi 44 duka, kuma a jihohin PDP ma labarin bai canza ba. A mafi yawan jihohi, jam'iyyar da ke gidan gwamnati ita jama'a suka "zaɓa" ɗari bisa ɗari. Ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin gidan da mutum goma suka haɗu a kan miya guda ba, balle jiha. A Anambara kuwa majalisar jiha ce ta yi doka a Oktoban 2024 cewa ko an biya kuɗin kai tsaye, sai ƙananan hukumomi sun dawo da wani kaso cikin asusun da jiha ke da hannu a kai. Sannan aka shiga maganar buɗe asusu a Babban Bankin Nijeriya, aka ce sai kowace ƙaramar hukuma ta kawo binciken kuɗinta na shekara biyu. Ana nan ana jan ƙafa har watan Disamban 2025, wata 17 bayan hukuncin, shugaban ƙasa Bola Tinubu da kansa ya tsaya a taron jam'iyyarsa yana jan kunnen gwamnoni da su bi abin da kotu ta ce. Ya ce in shugaban ƙasa na roƙon a bi hukuncin Kotun Ƙoli bayan shekara ɗaya da rabi, to ai ba a buƙatar wani ya fassara wa mutum halin da ake ciki. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

A nan ne ya kawo wani kwatance da ya sa zauren ya yi tsit. Ya tambaye su ko sun tuna da canjin kuɗi. Kowa ya amsa, don babu wanda bai ɗanɗana ba. Ya tuna musu cewa a Oktoban 2022 ne Godwin Emefiele ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi aka kwashe, sababbi ba su zo ba. Mutum ya kai akuyarsa kasuwa, ga mai saye, ga ciniki ya faɗa, amma babu takardar da za a miƙa. Mai kuɗi a banki ya koma sayen kuɗinsa da kuɗinsa a wajen masu POS, a garuruwan da banki mafi kusa ke da nisan tafiya mai tsawo. Sai gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, wasu jihohin suka bi bayansu. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, kuma wannan Mai Shari'a Agim ɗin dai shi ya karanta hukuncin. Ranar 13 ga Maris Babban Banki ya sauko ya ba bankuna umarni. Kwana goma kacal.

"Kotu ɗaya, alƙali ɗaya," in ji Malamin. "Wannan kwana goma, wancan an haura shekara. Me ya bambanta su?" Ya bar su suka ɗan yi ta harsashe, sannan ya ce amsar ba ta da nisa. A shari'ar kuɗi gwamnoni ne masu ƙara, ga zaɓensu na tafe ranar 18 ga Maris, ga jama'a sun cika ƙofar bankuna suna kumfar baki. A shari'ar ƙananan hukumomi kuwa gwamnonin ne waɗanda aka yi ƙara, wanda aka yi shari'ar dominsa kuma, wato talakan ƙauye, bai ma san an shiga kotu ba sai da ya ji a rediyo. Hukunci ba shi da ƙafa, ya ce, ɗaukarsa ake yi. In masu ƙarfi suka ɗauke shi sai ya iso da wuri, in babu mai ɗauka sai ya zauna a cikin fayil a Abuja, ƙura ta rufe shi.

Da ya zo kan maganar tsaro sai muryarsa ta sauka. Ya ce akwai wani hukuncin da mutanen wannan yanki suka fi kowa cancantar su auna shi, don da jininsu aka auna shi. A ƙarshen Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarƙashin Mai Shari'a Taiwo Taiwo, ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda. Ranar 5 ga Janairun 2022 aka fitar da shi a jaridar dokoki ta gwamnati, da sa hannun Antoni Janar na lokacin, Abubakar Malami, ɗan jihar nan. A lokacin an yi ta cewa abin da ake jira ke nan kafin a yi amfani da jiragen yaƙi samfurin Super Tucano da aka sayo daga Amurka, waɗanda aka girke a Kainji. Mutane suka yi murna, kuma suna da dalilin murna, domin shekarar da ta gabaci hukuncin ba ta yi wa ƙasar Zuru da maƙwabtanta daɗi ba. A Afrilun 2021 an kashe 'yan sanda tara har da DPO a wajen Makuku, a cikin ƙaramar hukumar nan. A farkon Yuni 'yan sanda da bakinsu suka tabbatar da gawa 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. Ranar 17 ga Yuni aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, waɗanda na ƙarshensu ba su ga gida ba sai a 2023.

To bayan an buga dokar fa? Ya ce wata biyu da kwana ɗaya bayan nan, ranar 6 ga Maris 2022, aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, aka kashe aƙalla 62 a dare guda. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ce ba sai ya ba su wannan labari ba, akwai waɗanda suka ɗauki makara a cikin zauren. Kwana biyu bayan haka, a Kanya ta Danko-Wasagu, aka far wa jami'an da ke rakiyar mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, aka kashe kusan 20, sojoji da 'yan sanda. Ya ce an canza wa ɓarawo suna a takarda, amma ba a canza masa hanyar da yake bi ba, ba a rufe masa kasuwar da yake kai shanu ba, ba a tare masa mai kai masa fetur da burodi ba.

Ya ɗan ratse ya ce abin da ke ƙara masa ciwo shi ne wannan ƙasa ce da aka san ta da aikin soja tun zamanin Turawa. Da wuya ka shiga bariki a Nijeriya ba ka tarar da mutumin Zuru ba. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, wanda ya rasu a Agustan 2025, Manjo Janar ne, ya taɓa riƙe gwamnan soja na Jihar Bauchi. Ishaya Bamaiyi ya riƙe shugabancin rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. 'Ya'yan Dakarkari da Kambari da Dukawa da Acifawa da Hausawa da Fulanin yankin nan, Musulminsu da Kiristansu da masu gargajiya, sun tsare garuruwan wasu har a wajen Nijeriya, ga shi iyayensu a gida sai sun leƙa hagu da dama kafin su shiga gona.

Sai ya dawo kan Maga. Da asubahin Litinin 17 ga Nuwamban 2025 aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati a garin, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da yara 25. Ɗaya ta kuɓuta, 24 suka dawo ranar 25 ga watan. Ya ce an gode wa Allah da dawowarsu, amma akwai maganar da bai kamata a bari ta bi ruwa ba. Gwamna Nasir Idris da kansa ya fito ya ce an samu bayanan sirri kafin harin, an kai sojoji, sannan aka janye su ƙasa da awa guda kafin maharan su iso, har ya tambaya wa ya ba da umarnin janyewar. Hedikwatar tsaro ta ce za ta bincika. Malamin ya ce tambayar gwamna tambaya ce mai kyau, kuma haƙƙin kowane uba ne a masarautar nan ya riƙe ta ya ci gaba da maimaitawa. Amma da yaran suka dawo sai aka shiga murna, aka koma wani labarin. Haka muke, in ji shi, labari ya fi kwana bakwai sai mu ce ya tsufa.

Bai daɗe a kan tsadar rayuwa ba, ya ce wannan kowa malami ne a kanta. Ya dai tuna musu cewa kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a cikin kwanaki ta koma wajen 500, a Oktoban 2024 ta haura 1,000. Ɗan acaɓa ya ƙara kuɗi, fasinja ya koma tafiya a ƙasa, dukansu biyu suka yi asara. Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne abin da ya faru da yaran da aka kama a zanga-zangar yunwa ta Agustan 2024. An tsare su kusan wata uku. Ranar 1 ga Nuwamba aka jera mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, da yawansu ƙananan yara daga Kano da Kaduna, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kan kai ga kisa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun saboda galabaita. Aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowane ɗaya, yaron da ubansa bai taɓa riƙe miliyan guda ba. Da hotunan suka zagaya duniya, aka yi ca a kan gwamnati, ranar 4 ga Nuwamba shugaban ƙasa ya ce a sake su, washegari aka janye tuhumar. Ya ce a lura da kyau: wata uku ba wanda ya ji ɗuriyarsu, amma da idanu suka sauka a kansu kwana huɗu suka isa. Ya gargaɗi matasan cewa wannan labari kaifi biyu gare shi. Yana nuna cewa sa ido yana aiki, yana kuma nuna wanda ake fara damƙa in an fita titi ba tsari, kuma ba ɗan gwamna ba ne.

Daga nan ya ce bari ya ba su wani lissafi su tafi da shi. Tun da aka cire tallafin mai kuɗin da ake rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai. A zaman Satumban 2025 an raba sama da naira tiriliyan 2, kason ƙananan hukumomi kaɗai ya haura biliyan 500. Ya sa wani saurayi ya ciro waya ya raba biliyan 500 gida 774. Yaron ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce ya fi miliyan 600. Malamin ya ce ba daidai wa daida ake rabawa ba, ana duba yawan jama'a da faɗin ƙasa da sauransu, wata ta fi haka, wata ba ta kai ba, kuma daga ciki ake biyan malaman firamare da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi da 'yan fansho. Ya ce ba ya zargin ciyaman ko kansila ko wani ma'aikaci da cin ko sisi, don bai gani ba, kuma zargi ba hujja kaya ne mai nauyi. Abin da yake cewa shi ne akwai adadi da ake rubutawa da sunan Sakaba kowane wata, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga shi a intanet, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kuma wayar da ake kallon ƙwallon Ingila da ita za ta iya buɗe shi. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa dubawa. Ba hannun da ya tashi.

Ya ce tsarin mulki ya lissafa aikin ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu: kasuwa, tashar mota, maƙabarta, magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Waɗannan su ne abubuwan da mutum ke taɓawa kullum daga fitowarsa gida zuwa komawarsa. Amma sai ka ga saurayi ya san sunan ministoci goma, ya san abin da shugaban Amurka ya faɗa jiya, bai san sunan kansilan mazaɓarsa ba.

Sannan ya kawo hukunci na ƙarshe, wanda ya ce bai yi ƙara ba a teburin mai shayi alhali ya fi sauran kusa da hannunsu. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ce kowane ɗan ƙasa zai iya rubuta wa hukuma takarda ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma dole a amsa cikin kwana bakwai, ko a faɗi dalilin hanawa a rubuce. In aka hana shi ba bisa ƙa'ida ba yana da kwana 30 ya je kotu, kuma akwai tarar naira 500,000. Shekara da shekaru jihohi da yawa suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, Kotun Ƙoli ta ce ta hau kansu. Ya ce wannan ma takarda ce kamar sauran, za ta kwanta in an bar ta, bambancinta kawai shi ne ɗaukarta ba ya buƙatar gwamna ko ɗan majalisa. Biro da takarda ne, da mutum uku masu haƙuri.

Da aka buɗe fagen tambayoyi, wani saurayi ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, ana kashe mu kana ce mana mu rubuta wasiƙa?" Wasu suka so su zaunar da shi, Malamin ya hana. Ya ce, "Ɗana, tambayarka tana kan hanya, kuma ban ce wasiƙa tana tare harsashi ba." Ya ce waɗanda suka faɗi a 2022 suna tsaron iyalansu ne, ba zai taɓa buɗe baki ya rage musu daraja ba, kuma garin da ba ya kwana da ido ɗaya a buɗe a wannan zamani ya yi sakaci. Amma ya ce a tambayi mutanen Zamfara abin da ya faru da aka fara yanka mutum a kasuwa don kawai kamarsa ko yarensa, ba bincike ba shaida. Wutar ba ta mutu ba, ƙaruwa ta yi, kuma wanda aka kashe wa ɗan'uwa ba da haƙƙi ba shi ne sabon ɗan aiken daji. Ya ce da ɗan gari akan ci gari, mai kai rahoto da mai kai kaya ba daga sama suke faɗowa ba, kuma in an gano mutum a miƙa shi ga hukuma da shaidu, sannan a bi sawun shari'ar har ƙarshe, kada a miƙa a juya baya a zo ana cewa an sake shi. Game da wasiƙa kuwa, ya ce hanyar da motar jami'an tsaro za ta bi ta kawo ɗauki, da gadar da ta karye, da ɗakin shan magani da za a kai wanda aka harba, duk da kuɗi ake yin su, kuma kuɗin nan ne ake magana.

Wani kuma ya yi tambaya a kan kamu, ya ce an taɓa tafiya da tsohon wani abokinsa saboda ba a samu ɗan a gida ba. Malamin ya ce Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ƙarara. Sashe na 35 na tsarin mulki kuma ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu, in ban da manyan laifuffukan da hukuncinsu kisa ne. Ya ce ba a faɗin wannan da tsawa a gaban kanta, don mai kaki ma mutum ne, kuma da yawansu sun bar 'ya'ya marayu a dajin nan. A je da dattijo, a yi sallama, a rubuta ranar da aka kama mutum da lokacin, da sunan wanda ya karɓi maganar. Ya ce jami'in da ya ga ana rubutu ba ya yin abin da yake yi in ya ga ana kuka kawai.

Na ƙarshe wani manomi ne, ya ce a 2025 ya sayi taki da tsada, da kaka ta yi farashin masara ya faɗi, bai mayar da kuɗinsa ba, shin wannan wace kotu za a kai? Aka yi dariya har da Malamin. Ya ce wannan kam ba ta da kotu, amma tana da ofis, domin akwai sashen aikin gona a sakatariya, kuma in an ce an raba takin tallafi akwai takardar da aka rubuta buhu nawa ya zo da mazaɓun da aka kai. Ya ce a sa wannan ma a cikin wasiƙar, ya zama tambaya ta biyu, bayan ta farko wadda ita ce nawa ya shigo asusun ƙaramar hukuma a watanni shida da suka wuce, kuma ta wace hanya ya shigo, kai tsaye ko ta asusun haɗin gwiwa.

Kafin a tashi mutum uku suka ba da sunansu cewa za su rubuta, cikinsu har da saurayin da ya yi tambayar farko. Malamin ya ce su yi ta cikin ladabi, kada a sa zagi ko habaici ko sunan jam'iyya, su yi kwafi biyu, a buga musu hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya su dawo da shi, sannan a fara ƙirgen kwana bakwai daga ranar. Ya ce a zama na gaba da wannan kwafin za a buɗe. An rufe da addu'a ga waɗanda suka rasu da waɗanda ke hannun 'yan bindiga da misalin ƙarfe 11 saura, aka rarraba baƙin ƙauye gidajen da za su kwana.